Bayan An Tuɓe Kaki

Duk wanda ya saba zaman makoki a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, daga Boko zuwa Yashe, ko Rimaye da Kafin Soli, ya san yadda ake shaidar tsohon soja idan ya kwanta dama. Ba a cika jin wani ya ambaci bataliyar da ya yi aiki a cikinta ba, balle garuruwan da suka ci da yaƙi. Abin da ake faɗa shi ne ba a riga shi sahun farko, ya aurar da 'ya'yansa da na ƙannensa, rumbunsa bai taɓa barin iyalinsa da yunwa ba, kuma ƙafarsa ba ta gajiya da zumunci. A yi addu'a, a shafa, a tashi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da bindiga a kafaɗa sai a binne shi da irin shaidar da ake yi wa manomi ko maɗinki. Wasu masu ilimin zamani suna ganin wannan tauye haƙƙi ne, wai mun kasa girmama jarumta shi ya sa muke fakewa da maganar salla da iyali. Ni ina ganin jama'a sun fi su gane inda wahalar take. Koya wa saurayi harbi aikin 'yan watanni ne, kuma kowace gwamnati ta iya shi. Mayar da wanda ya yi harbin ya zama miji, uba, maƙwabci kuma mamu a bayan liman, shi ne aikin da ke cin shekaru, wanda gwamnatocinmu tun daga na Turawa ba su taɓa ɗaukarsa da gaske ba. Gida da masallaci ne suka ɗauke shi. Don haka idan aka ce tsohon soja ya riƙe iyali ya riƙe addini, ana ba da labarin cewa ya dawo ne, kuma dawowar ta yi kyau.

Kafin a ga nauyin wannan shaida sai an tuna yadda Bahaushe ya ɗauki aikin soja tun farko. Rundunar da Gwamna Lugga ya haɗa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, da Hausa ake ba ta umarni, amma waɗanda suka cika sahunta yawanci bayi ne da suka tsere, da marasa galihu, da samarin ƙabilun tsakiyar ƙasa da na gefen Tafkin Chadi. Gidan malamai da gidan sarauta ba sa ba da ɗa ga bindigar Nasara, uba kuma yakan yi ta jan ƙafa kafin ya ba soja 'yarsa, domin ana kallon bariki wurin giya ne da caca da zaman kai. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, shi ya shigo da kaki cikin ƙauyuka sosai. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa neman samari, wasu da son ransu, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa don ya cika adadin da aka ɗora masa. Aka kai su Habasha, daga baya aka zuba su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka haye da su teku zuwa Indiya da ƙasar Bama ta Asiya, wadda yanzu ake kira Miyanma. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, sun shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen barikokinmu har gobe suna ɗauke da wannan tafiya: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan a Legas, Chindit a Zariya, ko da yake ɗan kurtun da ke gadin ƙofarsu a yau da wuya ya san daga ina sunan ya fito. Sarkin Katsina Usman Nagogo, ba da jimawa ba bayan ya hau gado a 1944, ya je har can ya gaishe su. Ziyarar nan ba ƙaramin abu ba ce ga talakan da aka ɗauko daga gona, domin ta nuna masa cewa gida bai yafe shi ba.

Da aka gama yaƙi aka sallame su da ɗan kuɗi, da lambobin yabo, da takardar shaidar aiki. Masu sa'a suka samu ɗan doka a En'e, ko masinja, ko gadi, ko tuƙin mota. A wasu wurare rashin cika alkawari ya kai ga jini. A Thiaroye ta Senegal, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan tsofaffin sojojin Afirka da ke neman albashinsu. A Ankara ta Gana, ranar 28 ga Fabrairun 1948, an harbe tsofaffin sojoji uku da suka nufi fadar gwamna da takardar koke. A ƙasar Katsina kuwa abin da ya karɓi yawancinsu shi ne gandu. Mutum ya dawo ya tarar uba ko yaya na nan da gonar gida, aka yanka masa gayauna, aka nema masa mata, aka ba shi ɗaki a cikin gida. Ba wanda ya kira wannan da sunan wani shiri, ba a kuma ware masa kasafi ba, amma shi ne ya yi aikin. Wanda ya kwana yana firgita saboda abin da ya gani a dajin Bama, mahaifiyarsa ce ta nemo masa rubutu da hayaƙi, matarsa ce ta iya da shi, abokan wasansa ne suka riƙa tsokanarsa har ya soma dariya.

A shekarar da Nagogo ya zama sarki, ɗansa Hassan yana da shekara 11. An haife shi a 1933, kuma a makarantar elementare ta Kankiya ya fara karatu, abin da mutanen wannan yanki ba su cika tunawa da shi ba. Daga nan ya wuce Midil ta Katsina, sai Kwalejin Barewa a Zariya, ya shiga soja a 1956. Jikan Sarki Dikko ya sa kaki ke nan, shekara hamsin da 'yan kai bayan wannan kakin ya ci ƙasar kakanninsa. Shigar irinsu, da ta su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da suka riga shi, ita ta soma wanke aikin a idon manyan gidaje, kafin Sardauna da ministocinsa su bi makarantu suna roƙon yara su shiga aikin hafsa. Hassan ya yi horo a Teshi ta Gana da Sandhurst ta Ingila, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Ranar 15 ga Janairun 1966, da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa, yana Kaduna a matsayin Manjo mai riƙe da rundunar motoci masu sulke. Cikin 'yan kwanaki Janar Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Soja na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32. Ya halarci taron Aburi a Janairun 1967. Da aka raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu na wannan shekara, kujerar da ta fi kowace faɗi a Najeriya ta narke a ƙarƙashinsa, ya koma shugabancin hukumar da ke kula da kadarorin da jihohin Arewa shida suka gada. A 1968 ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa, a tsakiyar yaƙin basasa. Juyin mulkin da ya kawar da Gowon a watan Yulin 1975 shi ya kawo ƙarshen aikinsa, yana Manjo Janar.

Lissafin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wannan: shekara 19 ya yi cikin kaki, shekara 20 ya yi bayan ya tuɓe shi, har rasuwarsa ranar 24 ga Yulin 1995. An yi masa ritaya yana da shekara 42, da sauran ƙarfinsa, da yaransa a kowace bariki, a zamanin da juyin mulki ya zama ruwan dare. Bai nemi dawowa ta bakin bindiga ba, bai kuma tsaya takara ba. A 1981 Nagogo ya rasu, sarautar Katsina ta faɗa hannun yayansa Muhammadu Kabir, shi kuwa ya ci gaba da zama Ciroma, mutumin da ya taɓa mulkin Arewa baki ɗaya yana faɗuwa gaisuwa a gaban ɗan'uwansa. In ka tambayi dattawan Kaduna da Katsina abin da suka riƙe game da shi, kusan bakinsu ɗaya: ƙofarsa a buɗe take, ana yi masa sammako da buƙatu, wannan neman aiki, wancan gurbin karatu, wata kuɗin magani, kuma abin hannunsa ba ya kwana. Sai wasan folo da ya gada daga mahaifinsa, da shiga tsakani idan manya sun saɓa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha mai sunansa a Katsina, akwai gidan gwamnati da lambun shaƙatawa masu sunansa a Kaduna, amma waɗannan gwamnati ce ta raɗa. Abin da ya zauna a bakin talaka daga shekarun bayan ritaya ya fito, lokacin da ba shi da ikon ɗaure kowa ko sakin kowa.

Dalilin da ya sa gida da masallaci suke iya wannan aiki yana cikin abin da soja ke yi wa mutum. Horon kurtu an gina shi ne don a cire gardama daga zuciya: na sama ya faɗa, na ƙasa ya aikata, igiya ɗaya a hannun riga ta isa ta raba mai magana da mai shiru. Wannan tarbiyya tana ceton rai a fagen fama, a cikin gari kuwa tana iya zama masifa. Sahun salla yana warware ta sau biyar a yini. Samanjan da bataliya ke rawar jiki in ya yi gyaran murya zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai tallan rake, ya bi limamin da wataƙila bai mallaki keke ba, in ya makara kuma ya tsaya a baya, ba mai matsa masa. Gida ma haka. Matar da ta yi shekaru tana riƙe da yara ita kaɗai, ta san farashin kwanon gero da kuɗin makaranta fiye da shi, ba kofur ba ce da za a daka wa tsawa. Yaron da ya girma bai san uban sosai ba sai an lallaba shi. Surukai, da 'yan'uban da ake rabon gado da su, da maƙwabcin da akuyarsa ta shiga gona, duk ba a iya musu da oda. Dole mutum ya koyi roƙo, da haƙuri, da jiran a gama magana. Akwai waɗanda suka kasa, kuma kowane gari ya san nasa: tsohon sojan da ya mayar da tsakar gida filin fareti, yara na jin takunsa su watse, mata na shiga suna fita. Samuwar irin waɗannan ita ce ta sa shaidar wanda ya iya take da daraja. Wanda ya iya ɗin ma za ka ga horon bai bar shi ba, ya dai sauya masa wurin aiki. Shi ne mai zuwa masallaci kafin ladan, rigarsa a goge ko da ta tsufa, shi ake ba ajiyar kuɗin gyaran rijiya domin zai kawo lissafi har na sisin kwabo, shi ke tsara layi ranar rabon taki. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da hular baret da ta koɗe, da lambobi biyu ko uku a naɗe cikin tsumma, da takardar sallama da ta soma rabewa a wurin ninki. Sau ɗaya a shekara, ranar 15 ga Janairu, yake fito da su don bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ya tsaya ƙyam a rana har manyan baƙi su iso, sannan ya mayar da su ya kulle.

Za a ce ai kowa ya mutu haka ake faɗa a kansa, addini ma ya hore mu da ambaton alherin mamata, saboda haka shaidar ba ta auna komai. Wanda ya faɗi haka bai saurari zaman makoki da kyau ba. Bahaushe ba ya zagin gawa, amma yana da hanyar rage murya. Akwai wanda ake cewa Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi, a yi shiru, wani ya kawo zancen damina. Akwai kuma wanda ake kasa tashi saboda kowa na da abin faɗa, kuma abin da ake faɗa mai suna ne: marayun wane da ya riƙe, bashin wane da ya biya a ɓoye, auren wance da ya hana mutuwa. Yabon al'ada gajere ne kuma iri ɗaya ne, shaidar gaske kuwa tana zuwa da ƙananan bayanai da ba a iya ƙirƙira a wurin, domin waɗanda abin ya shafa suna zaune a kan tabarmar.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi nesa, kuma bai kamata a wuce ta da sauri ba. Soja ba manomi ba ne, aikinsa ya shafi jini. A ƙarƙashin gwamnatin Hassan aka yi tarzomar watan Mayun 1966 bayan dokar haɗe ƙasa ta Ironsi, aka kuma yi kashe-kashen Satumba da Oktoba, inda dubban 'yan ƙabilar Ibo suka hallaka a garuruwan Arewa, sauran suka tsere suka bar dukiyarsu. Masu rubuta tarihi sun rabu a kansa. Wasu na nuna yadda ya fita da kansa yana kwantar da tarzoma, har ya je Kano lokacin da sojoji suka yi bore a farkon Oktoba. Wasu na cewa shi ne gwamna, kuma kare ran baƙo yana wuyan mai gari. Yaƙin da ya biyo baya, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya zo da abin da aka yi wa fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, da yunwar da ta kashe yara ba adadi. Wanda ya rasa uwa ko uba a wannan zamani yana da haƙƙin ya tambaya ko yawan salla da kyauta na goge wannan. Amsa ita ce ba sa gogewa, kuma addinin da ake yabon mutum da shi ne ya fara faɗin haka. Duk almajirin da ya yi karatun farko ya san haƙƙin Allah daban, haƙƙin bayinsa daban, na biyun ba ya faɗuwa da nafila sai mai shi ya yafe ko a biya shi. Saboda haka shaidar makoki ba hukuncin tarihi ba ce, ba ta kuma da ikon rufe shi. Tana amsa tambaya guda ce: da mutumin ya dawo cikinmu, yaya ya zauna da mu? Tambayar abin da ya yi a can tana nan, kuma laifinmu ne da muka bar kunya da kawaici suka hana mu yin ta. Tsofaffin sojojin Bama sun ƙare ba mu rubuta labarinsu daga bakinsu ba, in ban da ɗan abin da Turawa suka tattara. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya haura 75. Da yawansu sun yi shekara hamsin suna zuwa masallaci da abin da ba su taɓa gaya wa ko matansu ba, kuma ina zaton wani ɓangare na wannan naci a kan ibada neman sauƙin wannan kaya ne. In haka ne, riƙon addinin tsohon soja shaida ce cewa shi kansa bai ɗauki abin da ya wuce a matsayin an gama da shi ba.

Suka ta uku ita ce wadda na fi yarda da ita. Hassan ɗan sarki ne. Da ya tuɓe kaki rawani na jiransa, da dawaki, da gida, da sunan da ke buɗe kowace ƙofa. Sauƙi ne mai wannan gata ya zama mai kyauta da zumunci. Farabitin da ya fito daga Boko ko Kaikai fa? Sojan Najeriya wajen mutum 10,000 ne kafin yaƙin basasa, ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa, har tsofaffin Bama aka sake kira suka sa kaki. An ɗebi samari daga kasuwanni da tashoshin mota da gonaki, an ba su horon 'yan makonni, an tura su. Da aka zo rage yawan sojan a shekarun da suka biyo baya, dubbai sun koma gida da rauni a jiki, ba sana'a, ba karatu. Akwai cibiyar koyar da sana'a ta masu barin aiki a Oshodi ta Legas, akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya, akwai hukumar fanshon soja a Abuja, amma labarin da aka fi sani shi ne na jira. A farkon shekarun 2000 an ga tsofaffin sojoji suna kwana a gefen titunan Abuja suna jiran haƙƙinsu, a 2025 ma an ga wasu sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya. 'Yan'uwansu na Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa yaƙi sun sha irin tasu: dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan tsohon farashi, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki a 2010, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A nan yabon haƙuri da tawakkali yana iya zama mafakar hukuma. Muddin iyali za su ɗauki gurgu da mai taɓin hankali ba tare da ƙorafi ba, muddin za a ce wa wanda aka hana haƙƙinsa ya bar wa Allah, to mai riƙe da baitulmali ba shi da abin da zai tayar masa da hankali. Kuma idan an ce iyali sun ɗauka, a gaskiya mata ake nufi. Ita ce ta yi ƙuli-ƙuli da surfe da wankau ta ciyar da gida watannin da fansho bai zo ba, amma ranar makoki tana cikin ɗaki tana takaba, a waje ana cewa marigayi ya riƙe iyalinsa. Duk da haka wannan suka ba ta rushe ma'aunin ba, ta dai nuna wanda ya biya kuɗinsa. Farabitin da ya fito da 'ya'yansa suka zama mutane da fanshon da ba ya isa, ya fi Janar cin wannan jarrabawa, kuma jama'ar ƙauye sun san haka, domin da ma'auni guda suke auna su biyun.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne gidan da ake komawa. Gandu ya watse a mafi yawan wurare, gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta tsakanin jikoki har ta koma fegi-fegi, samari sun tafi birni. Sojan da ya je Laberiya a 1990 ko Saliyo bayanta ya dawo ya tarar da ragowar tsohon tsari. Wanda ke barin aiki yau, bayan shekaru a Sambisa ko bakin Tafkin Chadi tun rikicin da ya ɓarke a 2009, sau da yawa ba ya ma komawa ƙauye. Yakan kama haya a gefen barikin da ya bari, ya nemi gadi a banki ko kamfani, cikin maƙwabtan da ba su san ubansa ba, a masallacin da ba wanda zai lura in ya kwana uku bai zo ba. Wanda ya yi niyyar komawa kuma sai ya yi lissafin ransa. A Disambar 2018 an harbe tsohon Babban Hafsan Tsaro Alex Badeh a hanyar Keffi zuwa Abuja yana dawowa daga gonarsa. A Fabrairun 2025 'yan bindiga sun ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya daga gidansa a garin Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Idan Janar bai tsira a mahaifarsa ba, Saje mai ritaya ya san matsayinsa, ya kuma san cewa tsohon kakinsa na iya zama dalilin da za a fara nemansa. Matsalar 'yan bindiga da ta fara daga Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya ta matso ta Matazu da Musawa har ta taɓa ƙauyukan Kankiya. Ga kuma zawarawa matasa, waɗanda mazansu ba su kai ga zama tsofaffin sojoji ba. Bayan ɗan lokaci dole su bar ɗakin bariki, su dawo da yara uku ko huɗu gidan da ƙanen mamacin, wanda a da shi zai riƙe su, yana Kano ko Abuja yana acaɓa.

Ana nan kuma sai ga wani sabon rukuni na masu ɗaukar makami. A 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, aka ɗauki samari daga garuruwansu aka ba su horo da kayan aiki, ban da 'yan sa-kai da 'yan banga da suka daɗe suna kwana a bakin gari. Buƙata ce ta kawo su, kuma da yawansu sun ba da ransu. Sai dai duk wanda ya san tarihin mazan jiya zai ga inda za a sha wuya nan gaba. Sojan Bama ya yi yaƙinsa a bayan teku, na basasa ya yi nasa a ƙetaren Kwara da Binuwai, dukansu sun baro fagen fama a wani wuri suka dawo inda ba wanda ya ga abin da hannunsu ya yi, kuma wannan nisa ya taimaki gida da masallaci wajen karɓarsu. Ɗan tsaron al'umma ba shi da barikin da zai baro, ba shi da tafiyar da zai yi ya huce. A unguwarsu ya ɗauki bindiga, a unguwarsu zai ajiye ta, limamin da zai bi ya san abin da ya faru a daren da aka kai farmaki, kuma wanda ya harba wataƙila ɗan rugar da ke bayan gari ne, wanda danginsa za su ci kasuwar Kankiya rana ɗaya da shi.